Sauti da Yanayi a Birnin Shehu: Abin da Kunne Ya Sani da Abin da Awo Zai Tabbatar



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama, ko da yake mun lura wasu sun yi murmushi sa'ad da suka ji kan maganar. Watakila suna cewa a ransu, ga matsalar ruwa, ga ta wuta, ga ta motar shiga gari, me ya kai mu ga zancen yadda sauti ke tafiya cikin iska? To, a yi mana haƙuri. Muna fata kafin mu sauka za a ga cewa maganar ta shafi barcin mutane, da karatunsu, da kuma adalci tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Disamba ko Janairu, ya farka kafin ketowar alfijir, ya san yadda gari ke buɗewa a kunne. Mutum yana kwance a ɗakinsa sai ya ji kiran salla daga masallacin unguwarsu, sa'an nan na wata unguwa, sa'an nan waɗansu can da nisa waɗanda bai ma san inda suke ba, suna hawa kan juna. Ya ji carar zakara daga ƙauyukan fadama, ya ji gurnanin babbar mota a kan hanyar da ko alamarta ba ya ji da rana. Amma a watan Afrilu da azahar, ga lasifikar nan dai, ga ladanin nan dai, da ƙyar muryar ke ƙetare unguwa biyu. Ladan bai sake maƙogwaro ba, ba a kuma rage ƙarfin na'ura ba. Abin da ya sake shi ne iskar da ke tsakaninsa da mu.

In aka tambayi mutum dalili, amsar da yakan bayar ita ce, ai dare shiru gare shi. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. A shekarar 1800 wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasa, Alexander von Humboldt, ya sauka kusa da gangaren ruwan kogin Orinoko a Amurka ta Kudu. Ya lura rugugin ruwan ya fi ƙarfi ƙwarai da dare, alhali kuwa a wannan daji dare ya fi rana hayaniya saboda kukan ƙwari. Ashe ke nan shiru kaɗai bai isa bayani ba. Akwai wani abu da rana ke yi wa iska wanda ke hana sauti wucewa, dare kuma ya warware shi.

Kafin mu ci gaba, dole mu yarda a kan mudun da za mu yi awo da shi, domin ba a cinikin hatsi sai da mudu. Mudun ƙarfin sauti sunansa desibel, an kuwa samo sunan daga Alexander Graham Bell, mutumin da aka fi dangantawa da ƙirƙiro wayar tarho. Mudu ne mai wuyar sha'ani, don ba ya tafiya kamar lissafin tiya da buhu. Idan janareta ɗaya yana ba da desibel 70, aka kawo irinsa aka ajiye a gefensa, 73 za a samu, ba 140 ba. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin ya ninka, amma da ƙyar kunne ke lura. Sai an ƙara wajen 10 kunne ke cewa ƙarar ta ninka. Hirar mutum biyu da ke tazarar mita ɗaya tana wajen desibel 60. Wanda ke wuni kullum cikin ƙarar da ta kai 85, kamar yadda yakan faru ga mai injin niƙa, yana cikin haɗarin rasa jinsa sannu a hankali.

A fili fetal, inda babu gini babu iska, duk lokacin da nisa ya ninka sauti yakan ragu da desibel 6. Watau lasifikar da ke ba da desibel 100 a mita ɗaya, za ta ba da 80 a mita 10, ta ba da 60 a mita 100, ta ba da 40 a kilomita ɗaya. Babban titi mai cike da motoci ya fi taurin kai, domin jerin majiyoyi ne, ragowarsa 3 ce kawai in nisa ya ninka. Wannan shi ne lissafin allo. Da duniya allo take bi, da kiran azahar da na asuba nisansu ɗaya.

To, ina aka saɓa? Abu na farko shi ne zafi. Sauti ya fi gudu cikin iska mai zafi. A digiri 0 na ma'aunin Salshiyos yana cin mita 331 a sakan ɗaya, kowane digiri kuma yana ƙara masa kimanin kashi 6 cikin 10 na mita. Saboda haka a asubar hunturu, in zafi yana digiri 15, gudunsa mita 340 ne. A azahar ɗin bazara, in ya kai digiri 40, gudunsa ya kusa 355. Da wahala mutane suka samo waɗannan alƙaluma. A 1822 malaman Faransa, tare da Humboldt ɗin nan, sun girke igwa a wurare biyu kusa da birnin Paris, watau Villejuif da Montlhéry, tazarar kimanin kilomita 18, suka yi ta harbi cikin dare. Kowane ɓangare yana duban walƙiyar igwar ɗaya ɓangaren, yana ƙidaya lokacin da ƙarar za ta iso. Mu ma muna iya yin irin wannan da damina ba tare da igwa ba: daga ganin walƙiya zuwa jin tsawa, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ne. Wani abin mamaki da ya faru a daren nan na 1822 shi ne, a gefe ɗaya an ji harbin sarai, a ɗaya gefen kuwa kaɗan ne suka iso kunne. Igwa iri ɗaya, nisa ɗaya, dare ɗaya.

Bambancin mita 15 cikin 340 ba wani abu ba ne in da dukan iskar zafinta ɗaya. Matsalar ita ce iska hawa-hawa take, kowane hawa da nasa zafi. A dubi mai tura kurar ruwa a cikin gari. In ƙafar kurar ɗaya tana kan kwalta, ɗaya ta faɗa yashi, kurar takan karkata wajen yashin ko da mai ita bai so ba, domin ƙafar da ke kan kwalta ta fi sauri. Haka sauti yake. Kullum yana karkata zuwa ga inda gudunsa ya ragu, watau wajen iska mai sanyi.

Da azahar a watan Afrilu, ƙasar Sakkwato takan yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Iskar da ke kwance a kanta ta fi wadda ke sama zafi. Sautin da ya fito daga lasifika sai ya lanƙwasa ya yi sama, ya wuce bisa kawunan mutane. Bayan 'yan ɗaruruwan mitoci sai a shiga wurin da masana ke kira inuwar sauti, inda ƙalilan ne ke saukowa. Wanda ya taɓa ganin kawalwalniya a kan kwaltar hanyar Illela ya ga ɗan'uwan wannan al'amari da idonsa, domin a can haske ne ke lanƙwasa ya yi sama saboda zafin kwalta, har mutum ya zaci ruwa ne kwance. Daɗa kuma, iskar rana ba ta natsuwa. Tana tashi tana juyawa, nan zafi can sanyi, har takan zama guguwa, wannan kuwa yana tarwatsa sauti, ya sa murya ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Irin wannan lanƙwasa zuwa sama ita ce ke sa mu ga walƙiyar hadari can gabas da dare amma ba mu ji tsawarsa ba. Ba safai ake jin tsawa ba in ta wuce kilomita 20 ko 25.

Da dare a lokacin hunturu sai waina ta juya. Sama tarwai ba gajimare, iska a bushe, saboda haka ƙasa takan saki zafinta da sauri bayan faɗuwar rana. Iskar da ke ƙasa-ƙasa ta yi sanyi, wadda ke bisanta ta rage da ɗuminta, ta zama kamar murfi a kan gari. Iska mai sanyi tana da nauyi, tana gangarawa kwari kamar ruwa, shi ya sa duk wanda ya hau kabukabu ya ratsa fadamar Kwalkwalawa da sassafe zai ji sanyin ya fi na kan tudu cizo. Ana ma iya ganin wannan murfi da ido. A dubi hayaƙin girki ko na masu jin ɗumi da sanyin safiya, yadda yake tashi kaɗan sa'an nan ya kwanta ya shimfiɗu bisa rufin gidaje. Abin da ya hana hayaƙi tashi shi ne ke mayar da sauti ƙasa.

Bari mu yi ɗan lissafi a kan misali. A ce iskar da ke tsayin mita 100 ta fi ta ƙasa ɗumi da digiri 5. Gudun sauti a can sama ya fi na ƙasa da mita 3 a sakan. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa sautin da ya tashi a ɗan karkace, wanda da rana zai ɓace a sararin sama, ya yi baka ya dawo ƙasa a nisan kilomita 3. In ya sauka a kan ƙasa mai tauri ko kan ruwa, sai ya sake tashi ya sake yin wani bakan. Bishiyoyi da katangun da ke tsakani duk ya tsallake su ta sama. Ga dalilin da ya sa ɗalibi a Dundaye yake jin abin da ke faruwa a cikin gari da asuba kamar a bayan ɗakinsa.

An auna irin wannan a nahiyarmu, a wurin da yanayinsa ke kama da namu. A cikin shekarun 1990 Michael Garstang da abokan aikinsa sun yi awon zafi da iska hawa-hawa a dajin Etosha na ƙasar Namibiya, don su gane yadda giwaye ke kiran juna da kakkauran gurnanin da kunnen mutum ba ya ji sosai. Lissafinsu ya nuna faɗin ƙasar da kiran giwa ke iya cikawa yana tashi daga kimanin murabba'in kilomita 30 da tsakar rana zuwa kimanin 300 bayan faɗuwar rana. Ninki goma ke nan, ba tare da giwa ta ƙara ƙarfi ba.

Abu na biyu shi ne kaɗawar iska. Mukan ce iska ta ɗauko mana magana, ko ta tafi da ita. Amma iskar da ke gudun mita 5 a sakan ina ita ina ɗaukar abin da ke gudun 340? Abin da ke faruwa dai zancen kurar ruwa ne. Iska ta fi gudu a sama, domin a ƙasa gidaje da itatuwa suna riƙe ta. In sauti yana bin iska, samansa ya fi ƙasansa sauri, sai ya sunkuyo ƙasa, a ji shi da nisa. In yana fuskantar iska, samansa ne ke ja da baya, sai ya ɗaga sama, a sami inuwa. George Stokes ya kawo wannan bayani a 1857, Osborne Reynolds kuma ya tabbatar da shi da gwaji a 1874. A wajenmu abin yana da sauƙin tsarawa, domin iskarmu ba ta da yawan sauya ra'ayi: da rani galibi daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma. Ke nan unguwar da ke kudu maso yammacin wata masana'anta ko tashar mota ita ke shan ƙarar da rani, da damina kuma a koma kan waɗanda ke ɗaya gefen. In aka haɗa zafi da iska, bambanci tsakanin sa'a mai kyau da marar kyau a nisan 'yan ɗaruruwan mitoci yakan kai desibel 10 zuwa 20, wani lokaci ma fiye.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta, watau laimar iska. Da yawa daga cikinmu suna zaton iska mai danshi ta damina ita ke danne sauti, busasshiya kuwa ta ba shi hanya. Akasin haka ne. Wasu kuma suna ɗora laifin a kan ƙurar hazo da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ita ma rawar da take takawa kaɗan ce. Tun a 1873, sa'ad da John Tyndall ya gwada ƙahonnin gargaɗin jiragen ruwa a gaɓar South Foreland kusa da Dover, ya gano cewa hazon teku ba ya toshe sauti kamar yadda matuƙa suka ɗauka. Abin da ke rufe ido ba lalle ne ya rufe kunne ba.

Wanda ya warware zancen laima shi ne Vern Knudsen na jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis, a farkon shekarun 1930. Su ma a can suna da wata busasshiyar iska mai tasowa daga hamada, suna kiranta Santa Ana, ƙanwar hunturunmu ke nan. Knudsen ya lura cewa in tana kaɗawa, siririn sauti yakan mutu da wuri a ɗakin gwajinsa. Da ya bi diddigi sai ya ga iska ta fi shanye siririn sauti in laimarta tana tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Dalili kuwa yana ga iskar oksijin: ƙwayoyinta sukan karɓi wani abu daga ƙarfin sauti su riƙe, yawan tururin ruwan da ke cikin iska kuma shi ke ƙayyade saurin da za su mayar da shi. In suka mayar a makare, ƙarfin ya zama zafi, ya ɓace. To, kashi 10 zuwa 20 ɗin nan, ai shi ne abin da muke shaƙa da rana a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi kaushi.

Ga alƙaluman da ke cikin ƙa'idar Ƙungiyar Daidaita Ma'auni ta Duniya, mai lamba ISO 9613. A zafin digiri 15, siririn sauti mai kaɗawa sau 4,000 a sakan yana asarar kimanin desibel 24 a kowace kilomita in laima tana kashi 80. In laima ta sauka zuwa kashi 20, asarar takan kai kusan 89. Wannan kuwa ƙari ne a kan ragowar da nisa ke jawowa. Amma kakkauran sauti mai kaɗawa sau 125 a sakan, asararsa ba ta kai desibel ɗaya a kilomita ba, ko da laima ko babu.

A nan muna so 'yan'uwanmu na sashen Hausa su kasa kunne. Magana ba sauti guda ba ce. Wasula da karin sauti suna zaune a ɓangaren kauri, baƙaƙe irin su s da sh da ts kuwa suna can ɓangaren siranta. Saboda haka asubar hunturu tana kawo mana murya daga nesa, amma ta tace ta a hanya. Sai mu ji tashi da faɗuwar muryar mai wa'azi ko mai shela, mu ji inda ya ja wasali, amma kalmomin sun zama kamar an rufe su da bargo. Hausa kuwa harshe ne da ya ɗora ma'ana mai yawa a kan karin sauti da tsawon wasali, abubuwan da nisa ba ya ci da sauri. Wannan ne ya ba kalangu damar yin magana, domin karin kalma yake bi, ba ruwansa da baƙaƙe. Kuma ba banza ba tambari, wanda aka yi don a ji shi daga nesa, aka yi masa ƙaton ciki da kakkausan amo. Magabatanmu ba su da ma'aunin desibel, amma kunnensu ya zaɓa musu kayan aikin da ya dace da iskar ƙasarsu.

Zancen ƙasa da itatuwa ba za mu daɗe a kansa ba. Ƙasa mai laushi, kamar gonar da aka yi wa huɗa, ko yashi, ko ciyawa, tana rage sautin da ke bin ta ƙasa-ƙasa. Kwalta da siminti da fuskar ruwa kuwa mayar da shi suke yi. Fadamar da ke tsakanin gari da jami'a tana sauya hali sau biyu a shekara: da rani lambuna ne da gonaki, da damina ruwa ya kwanta, wani lokaci har ya wuce gona da iri, kamar ambaliyar watan Satumba na 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Game da bishiyoyi, muna ƙaunar dogon yaro saboda inuwarsa, amma layi ɗaya na bishiya kusan ba ya rage komai daga ƙara. Sai kurmi mai duhu, mai faɗin mita 100, ke rage wajen desibel 5 ko 6 na matsakaicin sauti. Katanga mai kauri wadda ta tare ganin abin da ke ƙarar ta fi shi aiki nesa ba kusa ba. Ginin ƙasa na iyayenmu, da zaure da soro da doguwar katanga, ya fi bulo mai rami da rufin kwano kare kunne. Sai dai a tuna, a daren da sauti ke yin baka yana saukowa daga sama, katangar ma amfaninta yakan ragu.

Yanzu mu zo ga inda abin ke da ciwo. An kafa hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, a 2009 kuma aka fitar da dokar ƙayyade ƙara, wadda ta bambanta iyakar rana da ta dare, da ta unguwar zama da ta wurin masana'antu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorarta ta 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare, ta wajen taga kuma kada ta wuce 45. To, a misalta wani dattijo a Mabera ko Runjin Sambo ya kai kuka cewa wani babban janareta da ke tazarar mita 400 daga gidansa yana hana shi da iyalinsa barci. Ma'aikaci ya zo da na'urarsa da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin aikin ofis, ya tsaya a ƙofar gidan ya auna, ya ga ƙarar ba ta taka kara ta karya ba. Ya rubuta rahoto cewa babu laifi. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, na'urarsa ma ba ta yi ba. Dattijon ma bai yi ƙarya ba. A cikin inuwar sauti aka yi awon, shi kuwa da ƙarfe uku na dare yake shan wahalarsa. Haka kuma ana iya zaluntar mai janaretan, in aka auna a dare guda da iska da sanyi suka haɗu a kansa, aka ce haka abin yake kullum. A ra'ayinmu, duk takardar awon ƙara da ba ta faɗi sa'a, da zafi, da laima, da inda iska ta fuskanta ba, bai kamata alƙali ko mai tsara gari ya karɓe ta ba. Wannan ya haɗa da ayyukan kammala digiri da ake zagaya kasuwa da shataletale da na'ura a hannu, a rubuta lambobi, a manta da sama.

Su kansu na'urorin suna da iyaka, kuma iyakar ta faɗo daidai kanmu. Ƙa'idar da ake ƙera ma'aunan ƙara a kanta, IEC 61672, ta kasa su aji biyu. An tabbatar da ingancin aji na ɗaya daga digiri 10 ƙasa da sifiri zuwa digiri 50, aji na biyu kuwa, wanda ya fi araha kuma shi aka fi samu, daga 0 zuwa 40 kawai. Laimar da aka gwada su a kai daga kashi 25 ne zuwa 90. Ashe azahar ɗin Afrilu ta fi ƙarfin aji na biyu ta wajen zafi, ranar hunturu kuma ta fita daga iyakar dukansu ta wajen bushewa. Ba muna cewa a jefar da su ba ne. Muna cewa a riƙa daidaita su kafin awo da bayansa da ɗan abin nan mai ba da desibel 94, a yi musu inuwa, a kuma rubuta halin da aka yi awon a ciki. Wayar hannu kuwa ta isa a yi wasa da ita a aji, amma ba ta isa shaida ba sai an gwada ta da ma'auni na gaskiya.

Kada a ɗauka muna cewa ilmin da aka samo a Turai ba ya aiki a nan. Oksijin ɗin Sakkwato da na Paris halinsu ɗaya. Lissafin ISO 9613 ma ya tanadi zafi har digiri 50 da laima har ƙasa zuwa kashi 10. Abin da littafi ba zai faɗa mana ba shi ne, dare nawa a shekara murfin ɗumin nan ke rufe kwarin Rima, wane ƙarfi yake yi, ƙarfe nawa yake sauka, ƙarfe nawa hantsi ke fasa shi. Wannan sai mai gida. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga abin da muke ganin ɗalibai za su iya yi da kuɗi kaɗan. A sami lasifika ɗaya da batir, a ɗauki sauti uku, kakkaura da matsakaici da siriri, a riƙa sakin su da ƙarfi ɗaya kullum. A ja layi miƙaƙƙe a fili, a kafa turaku a mita 25, 50, 100, 200, 400 da 800. Mun zaɓi ninki ne don allo ya ce kowane turke zai gaza na gabansa da desibel 6. Duk abin da ya saɓa wa haka, aikin iska ne da ƙasa. A riƙe na'ura a tsayin mita ɗaya da rabi, nesa da bango da aƙalla mita uku da rabi, a sa mata sosonta na kare iska, in kuma iska ta wuce mita 5 a sakan a dakata. A kowane turke a fara auna ƙarar wurin kafin a kunna lasifika, don a raba shirun dare da aikin iska. Abin da ya fi kome muhimmanci shi ne ma'aunin zafi biyu ko uku a tsayi daban-daban, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya a mita 2, ɗaya a kan dogon ƙarfe ko hasumiyar tankin ruwa, domin bambancin da ke tsakaninsu muke nema. Tashar hukumar NiMet da ke filin jirgin sama na Sultan Abubakar III za ta taimaka wajen kwatanci, amma tana nesa da fadama, ba za ta maye gurbin awonmu ba. A yi da asuba, da hantsi, da azahar, da bayan lisha, a watannin Janairu da Afrilu da Agusta da Oktoba. A nemi izinin mai unguwa tukuna, a kuma kauce wa lokutan salla.

Ɗaliban harshe ma da nasu aikin, ba sa bukatar na'ura. A karanta jerin kalmomi ta lasifikar, mai saurare a kowane turke ya rubuta abin da ya ji. A sa waɗanda baƙi ne kaɗai ya raba su, kamar sanya da shanya, ko sara da shara. A sa waɗanda kari ne ya raba su, kamar kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, mai saurare ya nuna wadda ya ji. Sai a ga wane jeri ne ke fara rikicewa, a wane turke, a wane wata. Zancen fa da hwa kuwa, sai a bar shi daga jerin, kada a ɗora wa hunturu abin da Sakkwatanci ya yi.

Ana bukatar aƙalla mutum takwas a kowane fita: shida a turaku, ɗaya a lasifika, ɗaya a ma'aunan zafi da iska. Mai son shiga ya ba sakataren ƙungiya sunansa bayan an tashi. Wanda ƙuri'a ta ba turken mita 800 a cikin fadama da asubar Janairu, ya zo da bargonsa.